Sayen kayan jari-bola laifi ne? Ga abin da doka ta ce

Tun da aka hana 'yan jari-bola yawo a cikin birnin Abuja a watan Janairun 2025, aka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu, tsoro ya shigo mana Katsina. Wata maƙwabciyata a Ƙofar Marusa ta tara tsofaffin tukwane da mataccen injin markaɗe a bayan ɗaki, ta ƙi sayarwa, wai an ce mata duk mai hulɗa da 'yan gwangwan kama shi za a yi. Wancan umarni na hukumar Abuja ne, iyakarsa Abuja. Kuma satar murafen magudanun ruwa da wayoyin wuta ce ta jawo shi.

Abin da ya shafi mai tsinta da mai sikeli da maƙeri a nan shi ne dokar karɓar kayan sata. A tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa (Penal Code) da ya fara aiki a 1960, wanda Katsina ta yi amfani da shi kafin ta yi nata kundin, sashe na 317 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun.

Shekara 14 ɗin ce ke firgita mutane, alhali ita ce ƙurewar hukuncin. Kafin a kai can sai an tabbatar kayan na sata ne, sannan mai karɓar ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya gane. Wannan gaɓa ta biyu ake yawan tsallakewa. Robar da ta fashe, gwangwanin lemo da za a narka a zuba tukunya, tsohuwar taya da za ta koma guga, mai su ya yar da su da kansa, babu sata a ciki. Amma yaro ya kawo maka sabuwar wayar tagulla an ƙone bawonta, da asuba, a rabin kuɗi? "Ban tambaye shi ba" ba za ta fishe ka a gaban alƙali ba.

Inda abin ke damuna, yaron da ke tura baro da buhu a kafaɗa shi ake fara damƙewa, mai sikelin da ya auna ya biya kuwa yana zaune a rumfarsa, alhali wannan sashe don irinsa aka rubuta shi.

Maƙwabciyata dai ta sayar da injinta jiya, aka auna mata a ƙofar gida.