Rayuwar yau da kullum a jirgin ruwa mai inji a Kogin Kwara da Tafkin Kainji

Jirgin ruwa mai inji, wanda ake kira kwale-kwale mai inji idan ƙarami ne, shi ne babban abin sufuri ga garuruwan da ke bakin Kogin Kwara a Jihar Kebbi, tun daga Dole Kaina da Lolo kusa da iyakar Nijar da Binin har zuwa Yelwa ta Yawuri da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Kebbi ba ta da gaɓar teku irin ta Legas ko Bayelsa, amma kogin da ya taso daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar, tare da Tafkin Kainji da aka samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, sun ba ta hanyoyin ruwa masu faɗin da a wasu wurare mutum ba ya hango ɗaya gaɓar. Ga matuƙi da yaransa jirgin wurin aiki ne, kuma a kwanakin doguwar tafiya shi ne ɗakin kwana da madafa.

Yawancin waɗannan jirage na katako ne, kafintocin bakin ruwa ke haɗa su da falankai da ƙusoshi, su toshe tsakanin katako da tsumma da kwalta. Ana ɗaura injin a baya, kuma injin Yamaha ne ya fi yawa, wanda akasari yake shan fetur da aka gauraya da baƙin mai. Duk da haka ba a barin filafili da doguwar gora a gida, domin da su ake raba jirgi da gaɓa, da su kuma ake lallaɓawa idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa. Sana'ar ta daɗe a hannun Sarkawa, masuntan da suka bazu a bakin kogin tun daga ƙasar Kabi, da Gungawa mazauna tsibiran Yawuri, waɗanda da yawansu aka sake wa matsuguni lokacin da tafkin ya cinye garuruwansu.

Aiki yana farawa bayan sallar asuba, tun ruwa yana kwance iska ba ta taso ba. Abin da yaron jirgi yake fara yi shi ne kwarfe ruwan da ya tsattsafo cikin dare, da yankakken galan ko tsohon kwano, kuma wannan aiki ba ya ƙarewa har a sauka, domin babu jirgin katakon da ba ya yoyo. Matuƙi kuwa yana tsugunne a baya yana auna mai a jarka, ya girgiza ta, ya goge fulogi, ya duba ko ciyawa ko tsohuwar koma ta naɗe farfela. Lodi yana da nasa tsari: buhunan shinkafa da gero da albasar Yawuri a ƙasa a tsakiya, babura a kwance ko a ɗaure a gefe, kwandunan banda a sama inda ruwa ba zai taɓa su ba, awaki da tumaki a gaba, sannan fasinjoji su zauna a kan allunan da aka gitta ko a kan kaya. Ƙwararren matuƙi yana kallon tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa, da ita yake sanin ko lodi ya isa.

Ranakun kasuwa ne ke tsara mako, shi ya sa jirgi yakan cika maƙil ranar cin kasuwar Yawuri ko ta Wara, washegari kuma ya dawo kusan wayam. A cikin tafiya ƙarar inji tana hana doguwar hira, sai an ɗaga murya, rana kuma tana dukan mutum daga sama da kuma daga hasken ruwa, don haka manyan jirage suke da rumfar tamfol ko ta kwano. Abinci mai sauƙi ne, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ko fura, ko soyayyen kifi da ake saye a mashiga, amma masu kwana a hanya sukan ajiye murhun gawayi a kan faranti mai yashi su dafa shinkafa da tarwaɗa ko karfasa. Idan lokacin salla ya yi, yawanci akan raɓa gaɓa ko wani gungu a sauka a yi ta a kan yashi.

Sanin ruwa shi ne jarin matuƙi, kuma ba a koyonsa sai da shekaru. Kwara tana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Akwai farin ruwa, wanda ruwan damina na kusa yake kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka da ƙarfin gudu, akwai kuma baƙin ruwa, wato ruwan Gini da ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, wanda yake isowa cikin hunturu. Da bazara ruwa yana ja baya, tudun yashi ya fito inda jiya ake wucewa, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun 1968 su matso kusa da sama, kuma su ne suka fi fasa cikin jirgi saboda ba a ganinsu. Hazon hunturu yana ɓoye gaɓa, guguwar farkon damina tana tayar da igiyar ruwa cikin 'yan mintoci, a wasu wurare kuma akwai dorina, wadda matuƙa suke ba ta hanya tun daga nesa. Duwatsun Busa, inda Baturen nan mai binciken Kogin Kwara, Mungo Park, ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yawuri, yanzu suna ƙarƙashin tafkin.

Haɗarin da ya fi girgiza yankin a 'yan shekarun nan shi ne na 26 ga Mayu 2021, lokacin da wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne kuma suka tsira. Dalilan da ake yawan ambatawa a irin wannan musiba su ne lodi fiye da kima, tsufan katako, tafiyar dare da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sanya rigar, sai dai mashigai suna da yawa kuma jami'ai ba sa kaiwa ko'ina. Abin takaici ne cewa tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ta ƙara tura masu jirage ga cika lodi domin su mayar da kuɗin mai, alhali mata da yara da ba su iya iyo ba su ne suka fi yawa a cikin fasinjojin ranar kasuwa.

Da magariba ake ɗaure jirgi a turke ko a jikin itace, a ɗaga inji daga ruwa, wasu ma su cire shi su kai gida saboda ɓarayi. Wanda dare ya riska nesa da gida yakan shimfiɗa tabarma a kan buhuna, ya ɗaura gidan sauro a jikin rumfa, yaron jirgi kuma ya tashi sau ɗaya ko biyu cikin dare ya kwarfe ruwa.