Waiwaye: Tsakuwar Maɗaciya da Ke Zubewa a Ciki Lokacin Tiyata

Tun daga shekarar 1882, lokacin da likita Carl Langenbuch ya fara cire maɗaciyar mutum a birnin Berlin, aikin na buɗe ciki ne, kuma idan wata tsakuwa daga cikin waɗanda kan taru a maɗaciyar ta kuɓuce, likita yana ganinta ƙiri-ƙiri, ya sa hannu ya ɗauke. Al'amarin ya sauya a 1985, sa'ad da Erich Mühe ya yi aikin ta ƙananan huji a Jamus, sannan Philippe Mouret ya yi shi a birnin Lyon na Faransa a 1987. Kafin a je ko'ina sabuwar hanyar ta mamaye asibitocin Turai da Amurka, domin majinyaci yana samun sauƙin ciwo, yana kuma komawa gida da wuri.

Sai dai hanyar ta zo da nata cikas. Maɗaciya jaka ce mai siririn tantani, wadda kan huje yayin da ake ɓamɓare ta daga jikin hanta, ko lokacin da ƙarfen riƙo ya cije ta, ko kuma wajen jawo ta waje ta ɗan hujin cibiya, musamman idan ta kumbura. Da ta huje sai tsakuwa ta watse, wasu su gangara ƙarƙashin hanta, wasu su maƙale tsakanin hanji, inda 'yar kyamarar da ake zurawa ciki don ganin aikin ba ta kaiwa.

A farkon shekarun 1990 likitoci da yawa sun ɗauki wannan ba a bakin komai ba, suna ganin jiki zai lulluɓe tsakuwar ta zauna lafiya. Ga mafi yawan majinyata hakan ke faruwa. Wani bincike da aka wallafa a 1998 kan tiyata 10,174 da aka yi a Suwizalan ya nuna cewa tsakuwa ta zube a guda 581, amma mutum 8 ne kawai suka shiga matsalar da ta kai ga sake yi musu aiki.

Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne suka sauya tunanin likitoci, saboda irin wahalar da suke sha kafin a gano abin da ke damunsu. Tsakuwar da ke ɗauke da ƙwayoyin cuta takan haifar da ƙurji mai tara mugunya a ƙarƙashin hanta, ko a bangon ciki daidai inda aka huda, kuma yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya bayyana. Majinyaci yana fama da zazzaɓi da rama da ciwon gefen dama, an riga an manta da batun tiyata. An samu waɗanda tsakuwar ta ratsa tantanin da ya raba ciki da ƙirji har suka tofar da ita cikin tari, an kuma samu waɗanda hoton ciki ya nuna ƙulle-ƙullen da aka zaci kansa ce ta bazu. Zuƙe mugunya da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba sa warkarwa, domin muddin tsakuwar na nan, ƙurjin kan dawo.

Abin da aka tsaya a kai yau shi ne a tsince duk tsakuwar da ake iya gani, a wanke wurin sosai, a kuma fitar da maɗaciyar cikin 'yar jaka. Zubewar tsakuwa kaɗai ba ta isa dalilin komawa buɗe ciki ba. Inda har yanzu ake sakaci, a ganina, shi ne wajen rubuta abin da ya faru a takardar aiki da kuma sanar da majinyaci, domin likitan da zai gan shi bayan shekaru da ƙurji a bayan hanta ba zai kawo tsakuwa a ransa ba sai an faɗa masa.