"Na fara shan maganin fargaba, sai abin ya ƙaru" — ku tsaya ku ji

Jama'a akwai maganar da na daɗe ina son yi akan maganin da ake rubutawa masu ciwon fargaba, wato waɗanda gabansu ke yawan faɗuwa babu gaira babu dalili, zuciya na dukan uku-uku, tunani ya hana su runtsawa, wasu ma numfashi ya riƙa sarƙewa har su ɗauka ajali ne yazo. Hukumar lafiya ta duniya WHO tace a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. To cikin waɗanda suka samu ɗin ma, da yawa basa kai wata guda suna sha, kuma ba don maganin baya aiki bane, a'a, babu wanda ya zaunar dasu ya faɗa musu abin da zasu gani a satin farko.

Tambayar farko da mutum keyi idan ya duba kwalin ita ce, "ni fa ba baƙin ciki ke damuna ba, me yasa aka bani maganin damuwa?" Ba kuskure likita yayi ba. Magunguna irinsu sertraline, escitalopram, fluoxetine da paroxetine, waɗanda ake kira SSRI, don ciwon damuwa aka fara fito dasu (fluoxetine tun 1987 aka amince dashi a Amurka), amma daga baya aka ga suna kwantar da fargaba da firgici sosai, yanzu ma sune ake farawa dasu. Suna aiki ne akan wani sinadari da ake kira serotonin wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo dashi.

Ga inda gizo ke saƙar. Illar maganin tana rigan amfaninsa zuwa. Ka haɗiya yau, gobe ko jibi ka fara jin tashin zuciya, kai na sarawa, ciki ya ɗan lalace, baki ya bushe, hamma ba ƙaƙƙautawa, bacci ko dai ya ƙi zuwa ko yayi yawa. Amma sauƙin da kake nema sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin ka fara jin ƙamshinsa, wani ma sai sati shida ko fiye. Kaga kenan akwai kwanaki a tsakani da kake biyan kuɗi baka ga kaya ba, kuma a nan ne mutane ke watsar da magani. Sau da yawa mutum zai dawo asibiti ya ciro katin maganin daga aljihu, ka duba kaga rami uku ne kawai aka ɓare, sauran ƙwayoyin na nan a jere, yace "wallahi bai karɓe ni ba." Kwana uku fa. Maganin ko fara aiki bai yi ba balle ace ya karɓe ka ko bai karɓe ka ba.

Shi tashin zuciyar nan akwai dalilinsa, wajen kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jikin mutum a hanji yake ba a ƙwaƙwalwa ba, don haka ciki ne ke fara jin baƙon. Yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu yake lafawa. A sha bayan an ci abinci, yana ragewa. Wanda maganin ke hanawa bacci ya maida shi safe, wanda yake sawa gyangyaɗi ya tambaya ko zai maida shi dare. Shikenan.

Wanda yafi tayar da hankali shine fargabar kanta ta ƙaru a kwanakin farko. Wannan gaskiya ne, yana faruwa ga wasu, ba ƙarya suke ba kuma ba raki bane. Jiki ya riƙa ɓari, hannu na ɗan rawa, mutum ya kasa zama wuri ɗaya, yace "likita ai gara yadda nake da." Saboda haka ne likita mai lura ke fara ba mai fargaba ɗan kaɗan, misali sertraline miligiram 25 na tsawon sati guda kafin a kai shi 50, ko escitalopram 5 kafin 10. Na kawo wannan ne don ka gane dalilin da yasa aka ce ka raba ƙwaya biyu, ba don ka yankewa kanka awo ba. Idan abin yayi tsanani ka koma ka faɗa, ana iya rage awon a hau a hankali.

Kuma dole in faɗi wani abu game da shi kansa ciwon. Mai fargaba kamar mai gadi ne da yaji motsin ɓera ya tashi gari da ihun ɓarawo. Duk wani ɗan motsi a jikinsa sai ya fassara shi da mugun abu. To ka ɗauki irin wannan mutum ka bashi kwalin magani da doguwar takardar nan mai ninki goma a ciki, ƙananan rubutu gaba da baya. Ƙarfe biyun dare yana zaune bakin gado da hasken waya yana karanta jerin illoli ɗaya bayan ɗaya, yatsa biyu a kan jijiyar wuya yana ƙirga bugun zuciya, ya gama ya shiga intanet ya karanta labarin wanda maganin bai yiwa daɗi ba. Kafin asuba duk abin da ya karanta ya ji shi a jikinsa. Ba wai ƙirƙira yake ba, tsoro na iya kawo tashin zuciya da jiri na gaske, ko a gwajin magunguna waɗanda aka baiwa ƙwayar da babu komai a cikinta suma suna kawo ƙorafin ciwon kai da ciwon ciki.

Ban ce kar a karanta takardar ba. Amma a san yadda ake karanta ta. Doka ce ta tilastawa kamfani ya rubuta illolin da aka gano, har waɗanda ba kasafai ake gani ba, kuma a yawancin takardun an kasa su kashi-kashi: wanda ke samun fiye da mutum 1 cikin 10, wanda ke samun 1 cikin 100, har zuwa wanda bai kai 1 cikin 10,000 ba. Mai fargaba idonsa kai tsaye layin ƙarshe yake tafiya. Idan ka san halinka kenan, gara ka ba wani naka ya karanta ya faɗa maka abin da ya kamata ka kula dashi. Su kuma masu rubutu a intanet, ka tuna wanda yaji sauƙi ya koma harkokinsa, bashi da lokacin zama ya rubuta labari.

Akwai illar da bata cika wucewa da kanta ba, kuma ita ce mutane ke jin nauyin faɗa. Maganin na iya rage sha'awa, ko ya sa namiji ko mace su daɗe basu kawo ba, ko ma su kasa. Magidanci zai yi shiru ya daina shan magani, a tambaye shi dalili yace "haka kawai." Mace kuma ta gwammace ta haƙura da ciwon akan ta buɗe baki. Don Allah ku faɗa, wallahi ba sabon abu bane a kunnen ma'aikacin lafiya. Ana iya rage awo, ana iya canza wani maganin kamar mirtazapine wanda bai cika taɓa wannan ɓangaren ba, sai dai shi kuma yana sa bacci da buɗe ciki har mutum ya ƙara ƙiba. A mafi yawan mutane abin na dawowa daidai bayan an daina, amma akwai 'yan kaɗan da suka ce ya daɗe musu, har hukumar magunguna ta Turai tasa aka rubuta gargaɗin a takarda a 2019. Wasu kuma na cewa sunji zuciyarsu ta dakushe, ba fargaba amma kuma ba farin ciki, ko abin kuka ya faru hawaye baya zuwa. Shima a faɗa, sau da yawa alama ce awon yayi yawa.

Yanzu ga illolin da ba'a jira dasu. Idan bayan fara magani tunanin kashe kai ko cutar da kai yazo maka, ko wanda kake dashi ya ƙaru, a ranar zaka je asibiti, kuma ka faɗawa wani na kusa da kai. An fi ganin wannan a yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 25 a makonnin farko, hukumar magunguna ta Amurka FDA tasa gargaɗi akai a 2004 don yara, ta faɗaɗa shi a 2007 har zuwa 'yan shekara 24. Ba yawa ne dashi ba, amma shine dalilin da yasa likita ke son sake ganin matashi cikin sati guda. Iyaye ku sa ido, ba tsaro irin na ɗan fursuna ba, ku dai riƙa tambaya.

Haka idan zazzaɓi ya rufe mutum da gumi sharkaf, tsoka na fizga, jiki na karkarwa, hankali ya rikice, wannan serotonin ne yayi yawa a jiki, kuma yawanci idan an haɗa da wani magani ne. Tramadol na kan gaba, da wasu magungunan tari, da wani ganye da ake sayarwa da sunan St John's wort. Kumburin fuska ko leɓe da wahalar numfashi, asibiti nan take. Wanda kuma ya kwana biyu uku baya bacci amma ƙarfi kamar ya tashi sama, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, kar a ce "ai ya warke", a maida shi wurin likita, yana iya zama wani ciwon ne daban da ke ɓoye. Masu yawan shan ibuprofen, diclofenac ko aspirin su sani haɗa su da waɗannan magunguna na ƙara haɗarin zubar jini a ciki, baƙar bayan gida alama ce. Tsofaffi kuma gishirin jininsu na iya sauka, sai kaga kasala da ruɗewa. Duk abin da kake sha, har na gargajiya, ka lissafawa likita tun ranar farko. Mai ciki ko mai shayarwa ko mai neman ciki itama ta faɗa, akwai waɗanda aka fi zaɓa mata, amma kar ta yanke magani da kanta don taga ta samu ciki.

"To ba zan kamu ba? Ance in ka fara shikenan har abada." Waɗannan ba irin diazepam bane. Shi diazepam cikin ɗan lokaci zaka ji ka nutsu, shi yasa mutane ke sonsa, amma jiki na saurin sabawa ya nemi ƙari, don haka ba'a son a wuce sati biyu zuwa huɗu ana sha. Su SSRI basa sa maye, basa sa ka riƙa jin ƙwaɗayinsu. Amma gaskiya jiki na sabawa dasu, kuma idan ka tsaya dare ɗaya zaka iya jin jiri, saurin fushi, munanan mafarkai, da wani abu kamar wutar lantarki na fizgar kai. Paroxetine da wani makamancinsu mai suna venlafaxine sun fi kawo wannan, fluoxetine da sauƙi don yana daɗewa kafin ya fita jiki. Ga wasu kwana kaɗan ne, ga wasu kuma yana jan lokaci, shi yasa ake saukowa a hankali cikin makonni ko watanni tare da likita. Yawanci bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha wata shida zuwa shekara ɗaya, don wanda ya tsaya da wuri ciwon yafi saurin dawo masa.

Ku kuma 'yan uwa da abokai, ku daina cewa "maganin mahaukata kake sha?" ko "ka yar dashi kawai ka cire abin a ranka." Da cirewa a rai na yiwuwa da tuni ya cire. Abin da zaku yi masa shine ku tuna masa lokacin sha, ku raka shi ranar komawa asibiti.

Wanda zai fara, ya samu 'yar takarda ko ya buɗe wuri a wayarsa, kullum da dare layi ɗaya: yau me naji, nayi bacci ko ban yi ba, fargabar ta kai nawa cikin goma. Sau ɗaya a rana, ba duk bayan minti biyar ba. Sauƙin nan a ɓoye yake shigowa, sau da yawa mutanen gida ke fara lura kafin mai shi, takardar ce zata nuna maka. In ka manta baka sha ba kar ka haɗa biyu washegari. A rage kofi da lemukan ƙara kuzari, a guji giya, kar a yi tuƙi sai an ga yadda maganin ke yiwa jiki. Idan akwai damar ganin masanin halayyar ɗan adam don zaman tattaunawa irin na CBT a haɗa, yana koyar da yadda ake kama tunanin tsoro tun bai yi nisa ba. Idan kuma an yi sati shida zuwa takwas ana sha daidai babu wani canji, a koma wurin likita da takardar a hannu, ko a ƙara awo ko a gwada wani, don ba kowa na farkon ke yiwa aiki ba.