Waiwaye: Yadda Cinikin Kayan Yajin Indiya Ya Taso Daga Masoron Malabar Zuwa Barkonon Guntur

A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, Indiya ta fitar da kayan yaji da na ƙamshi na kimanin dala biliyan 4.7 zuwa ƙasashen waje, nauyinsu ya doshi tan miliyan 1.8. Duk yawan nan ba komai ba ne a kan abin da take nomawa, wanda ya haura tan miliyan 11 a shekara, domin mafi yawansa a tukwanen gida yake ƙarewa. Abin da ya fi kawo mata kuɗi a cikin kayan shi ne jan barkono, wanda shekara 600 da suka wuce babu ko ƙwaya ɗaya tasa a duk faɗin ƙasar. Masoro kuwa, wanda shi ya fito da sunan Indiya a duniya har aka yi ta zubar da jini a kansa, yau sai ta sayo ƙari daga Biyetnam da Siri Lanka.

Asalin labarin yana gaɓar tekun Malabar, a kudu maso yammacin ƙasar, inda jihar Kerala take yanzu. Can ne mahaifar baƙin masoro, ɗan'uwan namu na Afirka ta Yamma mai 'yar wutsiya. Tsiro ne mai yaɗo, yana nannaɗe bishiya ya hau, yana son ruwan sama mai yawa da inuwa. Ana tsinke 'ya'yansa suna kore, a shanya a rana 'yan kwanaki har su yi baƙi su yamutse. Da yake busasshe yana shekaru bai lalace ba, ga shi ba nauyi, ga tsada, sai ya zama hajar da ta dace da doguwar tafiya. An samu ƙwayoyinsa a cikin hancin gawar Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda ya mutu a 1213 kafin haihuwar Annabi Isa.

Zamanin Rumawa cinikin ya bunƙasa. Matuƙan jiragen ruwa sun laƙanci iskar damina ta tekun Indiya: su tashi daga gaɓar Masar a watan Yuli iska na tura su gabas, su juyo wajen Nuwamba ko Disamba in ta sauya. Tashar da suka fi nufa ita ce Muziris, kusa da garin Kodungallur na yau. A Barenike, tsohuwar tashar Masar a Bahar Maliya, masu tonon kayan tarihi sun ci karo da tulu ƙirar Indiya ɗauke da masoro kilo bakwai da rabi. Daular Rum na karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na kayan a matsayin haraji, amma duk da haka marubucinsu Filini ya yi ƙorafin cewa Indiya na kwashe musu kuɗi sastas miliyan 50 kowace shekara. Da Alarik sarkin Gotawa ya yi wa birnin Rum ƙawanya a 408, cikin fansar da ya nema har da masoro fam 3,000, gefe guda da zinariya da azurfa.

Bayan Rumawa, fataken Larabawa da Farisawa da Gujaratawa suka riƙe hanyar kusan shekara dubu. Kaya na tashi daga Malabar zuwa Adan, daga nan Jidda, a haye zuwa Alƙahira da Iskandariyya, inda 'yan kasuwar Banis ke jira su rarraba wa Turai. Wasu fataken sun yi aure sun zauna a Malabar, kuma daga cikin zuriyarsu da waɗanda suka musulunta aka samu Musulmin Mafila na Kerala. Ibn Baɗuɗa ya iso Kalikut wajen 1342, kimanin shekara goma kafin tafiyarsa ta Mali da Takadda. Ya tarar da jiragen Sin goma sha uku a tashar, ya ga ana dasa masoro jikin bishiyar kwakwa ana shanya shi a tabarmi, har ya gyara wa mutanen ƙasarsu zatonsu na cewa soya shi ake yi shi ya sa ya yamutse. A daidai lokacin ne, a 1341, ambaliyar kogin Feriyar ta cike tsohuwar tashar Muziris da laka ta buɗe wata a Kochi, garin da har gobe shi ne cibiyar harkar.

A duk tsawon wannan zamani babu wanda ya mallaki tekun. Sarkin Kalikut, mai sarautar Zamorin, kuɗin fito kawai yake karɓa ya bar kowa ya yi cinikinsa. Masu tatsa suna can gaba, a Masar, musamman bayan Sarki Barsbai na Mamalik ya mayar da cinikin masoro hannun fada wajen 1429 ya tsuga farashi yadda ya ga dama. Wannan tsada na cikin abin da ya ingiza Turawan Fotugal neman hanyar da za ta zagaye Afirka.

Matuƙin jirgin Fotugal Basko da Gama ya sauka kusa da Kalikut a watan Mayun 1498. Tsarabar da ya kawo wa sarki, 'yan yadudduka da huluna da tasoshin wanke hannu da sukari da zuma, dariya ta ba fadawa, suka ce ko mafi talaucin fataken Makka ya fi haka kyauta. Fotugal ba ta da hajar da Malabar ke buƙata, sai ta koma ga abin da take da shi, wato igwa. A 1500 wani kwamandansu, Kabral, ya yi wa Kalikut ruwan wuta. A 1502 da Gama ya dawo ya tare jirgin Miri da ke ɗauke da ɗaruruwan mutane masu dawowa daga Makka, har da mata da yara, ya kwashe dukiyar ya cinna masa wuta. Daga nan suka ƙaƙaba takardar izini da suke kira kartas: duk jirgin da aka kama a teku ba shi da ita, ganima ne. Suka kuma yanka wa masoro farashi a Kochi suka daskarar da shi shekara da shekaru. Manoma da dillalai ba su zauna ba. Masoro mai kyau sai ya bi ta duwatsu a bayan shanu, ko ya sulale da dare zuwa Bahar Maliya, a bar wa Turawa ragowar, yayin da jaruman ruwa na gidan Kunjali Marakkar suka yi kusan ƙarni guda suna hana jiragen Fotugal sakat. Zuwa tsakiyar ƙarni na 16 masoro ya dawo kasuwar Iskandariyya kamar ba a yi ba.

Abin da Fotugal ta bari mai ɗorewa ba ta ma ɗauke shi da muhimmanci ba. Jiragenta ne suka kawo barkono daga nahiyar Amurka, ta Gowa da suka kama a 1510. Barkono ba ya buƙatar dajin Malabar, yana fitowa a gonar talaka a busasshiyar ƙasa, kuma yana ba da zafi da araha. Cikin ƙarni biyu ya mamaye girkin Indiya.

Holan ta ƙwace Kochi a 1663, ita ma ta gwada ɗaure sarakuna da yarjejeniyar sayar mata ita kaɗai, har Sarki Martanda Barma na Tirabanko ya karya ta a yaƙin Kolachel a 1741. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya kafa sansani a Talicheri, kuma har yau sunan garin ake kiran masoro mai manyan ƙwayoyi da shi. Sai dai zuwa lokacin masoro ya yi yawa a Turai ya daina zama abin taƙama, hankalin Ingilishi ya koma kan yadi da shayi. A ƙarshen ƙarni na 18 suka fara sayar da garin kori a Landan, haɗin kurkum da barkono da hulba da sauransu da aka yi don Baturen da ya dawo gida yana kewar abincin Indiya. Ta hannunsu ya biyo har ya iso cikin dafa-dukarmu.

Bayan samun 'yanci a 1947, gwamnati ta shiga tsara harkar. Shekaru da dama Tarayyar Sobiyet ce babbar mai sayen masoron Indiya, a ƙarƙashin cinikin da ake biya da rufi, kuɗin Indiya, kuma rushewarta a 1991 ta girgiza manoman Kerala. Kafin nan, a 1987, an haɗe hukumar kadamon ('ya'yan nan kore da Larabawa ke jefawa a gahawa) da majalisar bunƙasa fitar da kayan yaji aka kafa Hukumar Kayan Yaji ta Indiya, mai hedikwata a Kochi, wadda ke kula da nau'i 52. Ba mai fitar da kaya sai da rajistarta. Amma hukuma ba ta hana kishiyoyi tasowa ba. Cutar ruɓewar saiwa ta cinye gonakin masoro da yawa a Kerala, Biyetnam kuma ta dasa shi gadan-gadan, tun farkon shekarun 2000 ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitarwa. Har ta kai a Disambar 2017 Indiya ta hana shigo da masoron da farashinsa ya gaza rufi 500 kan kilo, don ta kare manomanta. Kadamon ma haka ta faru da shi: wani Bajamushe ya kai irin Gwatamala kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kuma zama kan gaba a kasuwar duniya duk da mutanenta ba su cika amfani da shi ba.

Don haka taswirar cinikin ta sauya, ta bar bakin teku ta shiga cikin ƙasa. Kamun (cumin a Turance) ana hada-hadarsa a Unja ta jihar Gujarat, ya fita ta tashar Mundra. Kurkum na Erod da Sangli da Nizamabad, inda aka kafa masa hukuma tasa a 2025. Barkono kuwa sai Guntur a Andhra Pradesh. Daga Janairu zuwa Mayu filin kasuwar kan cika maƙil da buhuna, iska na sa baƙo atishawa da hawaye tun daga bakin ƙofa. Dillali ya farke buhu, ya damƙo, ya murza ya ji bushewarsa, ya duba launi, a yi ciniki. Abin da ba a sayar ba ya wuce ɗakunan sanyi da suka kewaye garin, don zafi na dusashe jan. A rumfuna mata na zaune suna cire hancin barkono ɗaya bayan ɗaya da hannu, ana biyansu da kilo. Mai saye daga waje ba barkono kawai yake cewa ba. Teja mai tsananin zafi Sin ce ke kwashe yawancinsa, Biyadgi na Karnataka kuma don launinsa ake nema, ba shi da zafi sosai. Wani kason ma ba ya fita a matsayin barkono: masana'antun Kerala, irin Synthite da aka kafa a 1972, suna tatse mai da launi da zafin su zuba a durom su aika wa kamfanonin abinci na duniya. Irin waɗannan masana'antu na cikin masu sayen busasshiyar cittar Kudancin Kaduna, ta Kachiya da Jaba, saboda yawan manta. Wato mu ke noma, su tace, su sayar da tsada.

A ganina babban sauyin da aka samu a shekarun nan shi ne wurin da ake tare kaya. Da jirgin yaƙi ne a teku, yanzu ɗakin gwaje-gwaje ne a tashar mai saye. A 2003 Faransa ta gano rinin masana'anta mai suna Sudan 1 a garin barkonon Indiya, wanda wasu marasa tsoron Allah ke zubawa don ya yi ja. A Fabrairun 2005 wani tsohon kaso na irin wannan gari ya sa aka janye kayan abinci sama da 500 daga kantunan Birtaniya. Tun daga 2003 hukumar Kochi ta wajabta ɗibar samfur a gwada kafin a loda kwantenar barkono. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce kusan kashi 7 cikin ɗari na kayan yajin da ake shigar mata da su na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ta sa Indiya da Meziko a sahun gaba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: shanya a ƙasa, tsuntsaye da beraye, da danshin da ke kawo fumfuna mai guba.

Maganin ƙwayoyin da ya fi araha shi ne turara kayan da iskar etilin oksaid. Amurka ta yarda da ita har zuwa wani mizani. Tarayyar Turai ta haramta, don tana cikin sinadaran da ke jawo sankara. Ɗan kasuwa ya shiga gaba kura baya sayaki: in bai turara ba a mayar masa da kaya daga Niyok, in ya turara a mayar daga Rotadam. A 2020 Beljiyam ta gano sinadarin a riɗin Indiya, aka yi ta janye kaya a faɗin Turai. A Afrilun 2024 Hong Kong ta dakatar da haɗin kayan miya uku na kamfanin MDH da ɗaya na Everest, Singafo ta janye na Everest, Nefal ta biyo baya. Kamfanonin biyu sun ce kayansu lafiya lau suke, amma daga watan Mayu hukumar ta wajabta gwajin sinadarin a kan duk abin da za a aika Hong Kong da Singafo.

Akwai hanyar kashe ƙwayoyin da tururin ruwa, sai dai injinta na da tsada kuma tana rage ƙamshi da launi, ƙananan masu fitar da kaya ba kowa ke iya ta ba. Ga kuma ragowar maganin feshi, da ya ƙaru a barkono tun da wani baƙin ƙwaro ya afka wa gonakin Andhra da Telangana a 2021. Manyan kamfanoni sun koma ƙulla yarjejeniya da manoma tun daga shuka, su ba su maganin da aka amince da shi da leda ta shanya, su saya da ɗan ƙari. Indiya kuma, wadda tun 2014 take karɓar baƙuncin kwamitin Kodes na Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara mizanin kayan yaji, tana neman a tsayar da iyaka guda ta etilin oksaid da kowace ƙasa za ta bi, maimakon kowace tasha da nata ma'auni.