Yaya ake auna ƙarfen da ke jikin tsofaffin taurari?

Tauraro ma yana da ƙarfe?

Yana da shi, sai dai ɗan kaɗan ne. Kusan kashi 98 cikin ɗari na nauyin Rana haidirojin ne da heliyam. Ragowar, irin su kabon da oksijin da kalsiyam da baƙin ƙarfe, duka masana taurari na kiran su ƙarafa.

To, ba a je can ba, da me ake awon?

Da haskensa. Ana tara shi da madubin hangen nesa, a bi da shi ta cikin na'urar da ke baje shi launi-launi. A nan ake ganin siraran layuka baƙaƙe, waɗanda Fraunhofer, wani Bajamushe, ya zana na Rana a 1814. Kowane sinadari da launukan da yake shanyewa, saboda haka layukan ƙarfe daban, na kalsiyam daban. Aikin da wuya, domin zafin tauraro ma na canza duhun layin, dole a fara sanin zafin kafin a yi lissafi.

Da lamba ake rubuta sakamakon awon, kuma Rana ce ma'auni. In an rubuta 0, ƙarfensa daidai da nata. In −1 ne, kashi ɗaya cikin goma. −2 kuwa ɗaya cikin ɗari.

Me ya sa aka fi bin manyan jajayen taurari wajen awon?

Tauraro in ya tsufa, haidirojin na cikinsa ya ƙare, sai ya kumbura ya yi ja, haskensa ya ninka. Ana hango shi daga nesa ƙwarai, kuma fatarsa ba ta kai ta Rana zafi ba, layukan sai su fito da yawa. Mutanen Tawa na iya ganin ɗaya da ido: a watan Mayu, bayan lisha da ɗan jimawa, a ɗaga kai, akwai wani mai ruwan goro kusan tsakar ka. Shi ne Arcturus, wanda Larabawa ke kira Simakur Ramih. Ƙarfensa wajen sulusin na Rana ne.

Me ƙarancin ƙarfe ke nunawa?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, a farkon samuwar sararin samaniya, babu ƙarfe ko ƙwaya. A cikin taurari aka ƙera shi, suna fashewa suna watsa shi, na baya su samu a jikinsu. Wanda ke da kaɗan, galibi da wuri aka haife shi. A 2014 masana a Ostireliya suka bayyana wani babban tauraro da baƙin ƙarfensa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na Rana ba. Amma awon ƙarfe kaɗai ba ya faɗin shekaru daidai, domin wurin da aka haifi tauraro shi ma yana da tasiri. Shi ya sa ake haɗawa da bayanan tafiyarsa da nisansa daga kumbon Gaia, wanda Turai ta harba a 2013.