Mazari a Bakin Tabki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da marka ta sauka a Damagaram tabkuna suka cika, sai mazari ya bayyana kamar an juye shi daga buhu. Bana ɗan ƙanwata ya kamo ɗaya, ya riƙo shi ta fukafukai, ya zo yana jero mini tambayoyi: "Kawu, yana harbi? Kawu, ina yake zuwa da rani?" Ga amsoshin, haɗe da wasu tambayoyin da manya ma kan yi.

Mazarin kaɗi ko mazarin ƙwaro?

Sunansu ɗaya, kuma wanda ya taɓa ganin tsohuwa na kaɗi ba zai yi mamaki ba. Siririn tsinke da gululu a ƙarshensa, haka ƙwaron yake: dogon jiki, ƙaton kai, ga rawar nan da ta sa ake cewa jikin wane na ɓari kamar mazari. Kan nan kusan duk idanu ne. A manyan iri, kowane ido yana ɗauke da ƙananan idanu da za su kai 30,000, shi ya sa ko ta baya ka laɓaɓo ya riga ya gan ka.

Yana harbi?

Ba ya harbi. Ba shi da ƙari irin na kunama ko rina, dogon abin da ake ɗauka wutsiya ce cikinsa ne. In ka matse babba zai iya ɗan cizonka, amma ba dafi.

To daga ina yake fitowa?

Daga cikin ruwa, kuma nan ne mutane ke musu da ni. Macen takan zuba ƙwai a tabki. Abin da ke ƙyanƙyashewa bai yi kama da uwarsa ba ko kusa: wani mummunan ƙwaro ne mai launin laka, ba fukafukai, yana rarrafe a ƙasan ruwa. Leɓensa na ƙasa a naɗe yake ƙarƙashin kai, da ɗan sauro ko ɗan kwaɗo ya gifta sai ya cilla shi ya cafko. Ta dubura yake numfashi, yana zuƙar ruwa yana fitarwa, in ya tsorata kuma ya feso ruwan da ƙarfi ya yi gaba. Da na gaya wa yaron wannan sai da ya yi dariya har da hawaye.

Wasu iri sukan yi watanni a haka, wasu shekaru. Ranar fita, galibi da dare ko da asuba, sai ya hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, mazari ya zaro kansa jiƙe sharkaf, ya jira fukafukai su bushe. Ka duba ciyayin bakin tabki da sassafe, za ka tarar da busasshiyar rigar maƙale, ƙafafu shida cif, bayan a ɓarke.

Amma tabkunanmu ƙafewa suke yi. Ya yake yi da rani?

Akwai wani mai ruwan ɗorawa da ke yawo garke-garke bayan an ɗauke ruwa, masana na kiransa Pantala flavescens. Shi a ruwan wucin gadi yake hayayyafa: 'ya'yansa kan gama girma cikin kamar mako shida, kafin tabki ya koma laka, sa'annan su bi iskar da ke kai damina gaba. A 2009 wani masani mai suna Charles Anderson, da ke aiki a tsibiran Maldib, ya nuna cewa irin wannan mazarin na tasowa daga Indiya ya ƙetare teku zuwa gabashin Afirka. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 zuwa 18,000 ne, kuma ba ɗaya ke gama tafiyar ba, 'ya'ya da jikoki ke ƙarasawa. Ƙwaron da bai kai nauyin giram ɗaya ba ke nan, mu kuwa daga nan zuwa Yamai sai mun kwana biyu muna ciwon baya.

Me ya sa yake dungurar bayan mota?

Ruɗewa ce. Ƙyallin fenti a rana yana yi masa kama da na ruwa, sai macen ta riƙa sauka tana zuba ƙwai a banza.

Zai iya rage mana sauro?

Yana ci, ƙanana a ruwa, manya a iska. Fukafukansa huɗu kowanne da motsinsa, yana tsayawa cak, yana ja da baya, kuma da wuya ya kai hari ya kuskure. Sai dai kada kowa ya naɗe sangensa saboda mazari. Shi da rana yake farauta, sauron da ke kawo masassara kuma da dare yake fita. Ban da haka, sauro yana hayayyafa a ruwan tsohuwar taya da na kwata cikin kwana kamar goma, mazari bai kai ga girma ba. A ganina amfaninsa ya fi yawa a tabki mai rai, wanda ba a mayar da shi juji ba. Leda, ruwan wanki da maganin feshi su ke fara kashe shi, sauro kuwa ya fi shi jure ƙazanta.

A ina zan fi ganinsa?

Daga Agusta zuwa kaka ko tabkin unguwa ya isa. In kana son iri-iri, ka nufi garaken Mirya ko tabkin Gidimuni, duk a gabas da Damagaram, inda ruwa ke daɗewa. Akwai ja wur kamar barkono, namiji ne, yakan kama tsinke ɗaya ya yi ta korar 'yan'uwansa yana dawowa kansa. Akwai ɗan baƙi mai ɗamara a fukafukai da ke bin ƙafar mutum ko ta saniya, yana tsintar ƙwarin da tafiya ke tayarwa. Da tsakar rana kuma, lokacin da duwatsun unguwar Birni ke ƙuna, za ka ga wani ya ɗaga gindi sama ya saita shi da rana don zafin ya rage dukansa. Ɗan ƙanwata ya ce wannan kafa kai yake yi, ya saki nasa ya koma bakin ruwa neman wani mai yin haka.