Tambayoyi da amsoshi kan haɗa man shafawa na madarar akuya a gida

Me ke cikin madarar akuya da ya sa ake zuba ta a man shafawa?

Madarar akuya na ɗauke da maiƙo kusan kashi 4 cikin 100, tare da bitamin A da furotin, kuma tana sa man ya yi santsi a jiki. Amfaninta shi ne tausasa busasshiyar fata. Ba ta warkar da cutar fata, ba ta kuma sauya launin jiki, duk da abin da masu talla ke faɗa.

Ba za a iya kaɗa madarar da mai kawai a shafa ba?

Ruwa da mai ba sa zama wuri ɗaya, don haka duk yadda aka kaɗa su, cikin ɗan lokaci man zai taso sama. Ana buƙatar kakin haɗa ruwa da mai, wanda masu sayar da kayan haɗa sabulu ke ajiyewa, domin kakin zuma shi kaɗai ba ya riƙe haɗin. A giram 100, ana iya sa giram 65 na ruwan da aka tace ta hanyar tururi, 10 na madara, 18 na mai kamar man kaɗanya ko na zaitun, 6 na kakin haɗa ruwa da mai, sai giram 1 na sinadarin hana lalacewa. A auna komai da sikeli, kada a yi kintace da cokali.

Yaya ake haɗawa?

Ana ɗumama ruwa da madara a kwano ɗaya, mai da kaki a wani, har kowanne ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, a bar su a wannan zafin na minti 20. Sai a juye ɗaya cikin ɗaya, a kaɗa da blandar hannu har ya yi fari fat. Da farko zai yi ruwa-ruwa, amma yana hucewa yana yin kauri. Idan zafin ya sauko zuwa kusan digiri 40, sai a zuba sinadarin hana lalacewa, domin zafi na rage ƙarfin wasunsu.

Me ya sa madarar ta yi kaɗan haka?

Nan ne nake ganin mutane sun fi yin sakaci. Madara abinci ce, kuma sukari da furotin da ke cikinta su ne cimar ƙwayoyin cuta da fumfuna, ta yadda idan ta yi yawa, sinadarin ba zai iya kare man ba. Abin tsoron shi ne man na iya gurɓata alhali ƙamshinsa da launinsa ba su sauya ba. Bitamin E ba sinadarin hana lalacewa ba ne: ba ya kashe ƙwayoyin cuta, yana jinkirta tsamin mai ne kawai, shi ya sa ake amfani da sinadarin hana lalacewa irin su Optiphen bisa adadin da kamfanin ya rubuta. Wanda ya ƙi sa sinadarin, ya haɗa kaɗan, ya ajiye a firiji, ya zubar da ragowar bayan 'yan kwanaki. Ɗanyar madara kuwa sai an ɗumama ta a digiri 63 na minti 30 kafin a taɓa ta, kuma kwalba mai famfo ta fi wadda ake tsoma yatsa.

Akwai wanda bai kamata ya shafa ba?

Mai ciwon fata da ke sa ƙaiƙayi da tsagewa ya nisance shi, haka ma jarirai. A shekarar 2014 likitoci a Melbon ta Ostareliya sun ba da rahoton wata mata mai irin wannan ciwon da ta riƙa shafa man madarar akuya, daga baya ta ci cukun akuya, jikinta ya yi mummunan bori har sai da aka yi mata taimakon gaggawa, saboda furotin ɗin ya shiga ta tsagar fatar. Mai lafiyayyar fata ma ya fara gwada ɗan kaɗan a cikin damtse, ya jira kwana biyu.